Taron da Babu Ɗan Kallo: Al'adun Masoya Labaran Kimiyya a Amurka da Birtaniya

A Amurka da Birtaniya akwai wasu mutane da ba jini ne ya haɗa su ba, ba kuma addini ko gari ba, amma suna da al'adu irin na kowace al'umma: ranakun haɗuwa, dattawan da ake saurara, abin da ake yi da wanda ba a yi, har da rigingimun da aka gada. Abin da ya tara su shi ne karatun ƙagaggun labaran kimiyya, wato labaran tafiya duniyar taurari, da mutum-mutumi mai tunani, da yadda duniya za ta koma nan da shekaru masu yawa. Wanda ya taɓa karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, da ya fito a 1969, ya san irin labaran da ake nufi. Da wuya ƙarshen mako ya wuce ba tare da mutanen nan sun kama wani otal a wani gari sun yi kwana biyu ko uku suna taro ba.

Mai hange daga nesa galibi abin da ya sani bai wuce Comic-Con na San Diego ba, inda mutum sama da 130,000 suke cika gari, taurarin fim suna hawa dandamali, jama'a suna kwana a layi don samun kujera. Akwai kuma tarukan da kamfanoni ke shiryawa don riba, inda za ka biya kuɗin shiga, ka sake biya kafin jarumin fim ya sa maka hannu a hoto, ka kuma biya in kana so a ɗauke ku tare. Wannan kasuwa ce, kuma cin kasuwa ba laifi ba ne. Amma al'adar da nake son bayyanawa tana ƙananan tarukan da masoyan ke haɗa wa kansu da kansu, masu mutum 200, ko 500, in sun yi yawa 2,000 zuwa 3,000. Su ne masu araha, kuma arahar tasu tana da tushe a tarihinsu da yadda suka ɗauki juna.

Shafin wasiƙu ne mafarin abin. A watan Afrilun 1926 Hugo Gernsback, mutumin Luxembourg da ya koma New York da zama, ya fara fitar da Amazing Stories, mujalla ta farko da ta keɓe kanta ga irin waɗannan labarai. Da ya buɗe wa masu karatu fili, sai ya riƙa buga wasiƙunsu haɗe da adireshinsu. Saurayin da yake ganin duk garinsu babu mai sha'awar abin da yake karantawa, sai ga sunayen irinsa a wasu garuruwa. Suka shiga rubuta wa juna, suka kafa ƙungiyoyi, suka fara buga 'yan mujallunsu da injin gurza takarda suna aikawa ta gidan waya. Ƙungiyar Los Angeles da aka kafa a 1934, wadda ake kira LASFS, har yau tana zama duk ranar Alhamis.

A watan Oktoban 1936 wasu samari daga New York suka hau jirgin ƙasa suka kai wa takwarorinsu na Philadelphia ziyara, aka zauna a gidan su Milton Rothman, kafin a tashi suka yanke cewa zaman nan nasu babban taro ne. Mutanen Ingila ba su yarda da wannan lissafi ba. Su a wurinsu na farko shi ne na Leeds, ranar 3 ga Janairun 1937, domin shi aka yi wa sanarwa, aka kama zaure, aka tsara jawabai, kuma Arthur C. Clarke yana cikin mahalarta yana ɗan shekara 19. Gardamar ba ta mutu ba har gobe. A Yulin 1939 aka yi na duniya na farko, Worldcon, a New York, da mutum kusan 200. Isaac Asimov yana wurin, Ray Bradbury kuma ya zo tun daga California da kuɗin motar da Forrest Ackerman ya ranta masa.

Matasa ne a zamanin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, mafi yawansu ba su da ko sisi. Mai zuwa daga nesa sai ya yi karo-karon kuɗin mota da wasu, ya kwana a ƙasa a ɗakin wanda bai taɓa sani ba sai a wasiƙa. Babu attajirin da ya ɗauki nauyinsu, babu kamfanin da ya hango riba a jikinsu, duk abin da za a yi sai dai su yi da hannunsu. Daga baya da yawansu sun zama injiniyoyi da malaman jami'a da marubutan da duniya ta sani, amma tsarin da babu ta koya musu ba su yar da shi ba.

Babbar al'adarsu, wadda sauran suka rataya a kanta, ita ce ba a sayar da tikiti. Abin da kake biya kuɗin zama mamba ne na taron wannan shekara. Mai tikiti ɗan kallo ne, ya biya a nishaɗantar da shi. Mamba kuwa yana cikin masu taron, in kujeru sun kasa ana sa ran zai tashi ya ɗauko, in wani abu ya lalace yana da bakin magana kuma yana da hannun gyarawa. Kwamitin da ya kwashe shekara guda yana faɗi-tashi ba a biyansa albashi, abin da ya yi saura bayan an sallami otal yakan tafi ga taron baɗi ko wata hidimar jama'a. Babban baƙo, wanda galibi marubuci ne ko mai zane ko wani tsohon masoyi da ya daɗe yana hidima, ba a ba shi ladan zuwa, sai dai a ɗauke masa jirgi da masauki da abinci. Sauran marubutan su suke kawo kansu, a Worldcon ma har kuɗin mamba suke biya kamar kowa, komai girman sunansu. Sa hannu a littafi kyauta ne. Bahaushen da ya san aikin gayya ba zai sha wahalar gane wannan ba: mai gona da maƙwabci duk a duƙe suke, wanda ya zo ya tsaya yana kallo shi ne abin mamaki.

Ko zaɓen lokaci da wuri ma lissafin araha ne. Kwamiti yakan ƙulla yarjejeniya da otal: za mu cika muku ɗakuna kaza na dare kaza, ku kuma ku ba mu zaurukan taro kyauta ko a farashi mai sauƙi. Otal ɗin da ma'aikata da 'yan kasuwa ke cikawa daga Litinin zuwa Alhamis yakan zama wayam a ranakun hutu, a lokacin ne kuma ya fi sassauci. Shi ya sa babban taron Birtaniya, Eastercon, yake faɗawa a hutun Ista, sau da yawa a manyan otal-otal na kusa da filin jirgin Heathrow ko na Birmingham. Minicon na Minneapolis ma a Ista ne, Balticon na Baltimore a dogon hutun ƙarshen Mayu, Loscon na Los Angeles kuma a hutun godiya na ƙarshen Nuwamba. Wannan yarjejeniya ce ta sa kama ɗaki a otal ɗin taro ya zama nauyi a kan mai hali, domin in ɗakunan ba su cika ba kwamiti ne zai biya ciko, kuma akwai tarukan da irin wannan bashi ya durƙusar. Wanda ba shi da hali ba a ganin laifinsa: mutum 4 ko 5 su haɗu a ɗaki ɗaya, wani a gado wani a ƙasa, ɗan gari kuma ya riƙa zuwa daga gida. Kuɗin mamba shi ma hawa yake yi da lokaci. Mafi sauƙi shi ne wanda aka biya ranar rufe taron bana don na baɗi, mafi tsada na bakin ƙofa. A ƙaramin taro a Amurka kuɗin kwana uku ba kasafai yake kai dala 100 ba, akwai na yini ɗaya, akwai rangwame ga ɗalibai da yara, alhali Worldcon a shekarun nan ya haura dala 200.

Ranar Juma'a da la'asar ake fara taruwa. A harabar otal za ka tarar da tebur, bayansa mutum biyu ko uku, su lalubo sunanka su miƙo maka bajo da littafin taro da 'yar takardar aljihu mai jadawali. Bajon nan shi ne izininka na shiga ko'ina, kuma da yawa ba sunan yanka suke sa wa a kai ba, sai wanda aka san su da shi a cikin masoya. A ƙasansa ake liƙa wasu ziraran ƙyallaye masu rubutu, ɗaya a gindin ɗaya: wannan na ɗan kwamiti, wancan na mai jawabi, wani na sabon zuwa, sauran na raha ne da abokai ke rabawa. Kafin Lahadi za ka ga yaro yana tafe jerin ƙyallayensa ya sauko har gwiwa. Na sabon zuwa yana da amfani ƙwarai, domin tsofaffin hannu suna ganinsa sukan tsaya su tambaye ka me kake karantawa.

Da rana zaman tattaunawa ne ke cin lokaci. Mutum 4 ko 5 a bayan dogon tebur, awa guda cur a kan magana ɗaya: ko ɗan Adam zai iya noma a duniyar Mars, yadda ake sayar wa mujalla gajeren labari, wane littafi ne na bana ya cancanci kyauta. A can baya wani ɗan sa-kai yana zaune da kwali biyu, ya ɗaga na farko in saura minti 5, ya ɗaga na biyu in lokaci ya cika, kuma ko wane ne ke magana sai ya yi shiru don wasu na jiran ɗakin. Abin da ya fi burge ni shi ne rashin tazara tsakanin na tebur da na kujeru. Marubuci zai faɗi wani abu game da yadda roka ke tashi, wata dattijuwa mai saƙa a layi na uku ta ɗaga hannu ta gyara masa, ashe aikinta ke nan shekara da shekaru. Ba ya jin an ci masa fuska, domin awa mai zuwa yana iya komawa kujera ita ta hau tebur. Akwai kuma zaman shayi da marubuci, a rubuta suna a takarda, mutum 10 ko ƙasa da haka su kewaye shi su yi hirar awa guda, ba a karɓar ko ƙwandala.

Amma inda jama'a suke tattaruwa da gaske a tarukan Amurka shi ne ɗakin baƙi. Babban ɗaki ne a saman otal da kwamiti ke kamawa a bar shi buɗe tun safe har tsakar dare, wani wurin har asuba. Duk mai bajo yana da haƙƙin shiga ya ci ya sha, an riga an cire daga kuɗin mamba. Ba wani abincin a zo a gani ba ne: burodi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, cuku, yankakken karas, soyayyen dankali na leda, tukunyar wake mai yaji tana ɗumi a kan lantarki, da gahawar da ba ta hucewa. Ka leƙa banɗaki ka tarar an cika bahon wanka da ƙanƙara an jera gwangwanayen lemo a ciki, don babu firjin da zai ɗauke su. Ɗalibin da ya ƙarar da aljihunsa a kan littattafai zai iya cin kwana uku a wannan ɗaki, kuma kowa ya san saboda irinsa aka yi shi. A nan ake zama a ƙasa a jingina da bango a yi ta musu a kan littafin da aka buga shekara 60 da suka wuce, a nan edita yake gamuwa da matashin da wata rana zai buga wa labarinsa na farko. A Birtaniya wannan al'ada ba ta kama ƙasa ba, su mashayar otal ce dandalinsu, kuma ya kamata mai karatu Musulmi ya san da haka tun kafin ya je. Ba a tilasta wa kowa sha, masu riƙe da kofin shayi ko lemo suna nan da yawa, amma hirar a can take.

Duk hidimar nan 'yan sa-kai ne ke yin ta, kuma ƙofar shiga cikinsu a buɗe take ko ga wanda ya zo yau. Akwai teburin da za ka je ka ce kana da awa biyu, a ba ka tsaron ƙofa kana duba bajo, ko jera kujeru, ko kai saƙo, ko yanka karas ɗin nan. Ana rubuta awannin da ka yi, in sun kai wani adadi a ba ka riga, ko a mayar maka da kuɗin mamba, ko a ɗauke maka na baɗi. A Eastercon wasu 'yan takardu ake ba su da za su canza da abinci ko abin sha a cikin otal. Da yake zumuɗi yakan sa mutum ya manta da jikinsa, suna da ƙa'idar da ake nanata wa kowa: kullum barcin awa 5 aƙalla, abinci sau 2, wanka sau 1.

Ɗakin 'yan kasuwa ba ya buƙatar dogon bayani, teburan tsofaffin littattafai ne masu araha da kayan ƙananan maɗaba'u, kusa da shi kuma an baje zane-zane, mai so ya rubuta tayinsa a takarda, wanda tayi ya yi yawa a kansa a kai shi gwanjo. Daren Asabar na masu shigar jaruman labarai ne, ana gasa a tsakaninsu. Shigar tun 1939 ta samo asali, lokacin da Ackerman da Myrtle Douglas suka bayyana cikin tufafin mutanen zamani mai zuwa waɗanda ita ta ɗinka. Yau mutum zai kwashe watanni yana ɗinki da fenti don ya yi minti ɗaya a kan dandamali. An raba gasar aji-aji, sabon hannu da matsakaici da gwani, don kada ƙwararre ya danne mai koyo, kuma akwai alƙalan da ke zuwa bayan fage su juya riga su duba ɗinkin ciki. Takobin wasa sai an ɗaure shi a kube, kuma ba a ɗaukar hoton mai shiga sai da izininsa, balle a taɓa shi.

Daga nan sai hawa bene. Akan ware hawa ɗaya ga masu walima, nesa da masu son barci, kuma ƙa'idar ba wuya: ƙofar da aka tokare a buɗe kowa na iya shiga, wadda ke rufe ta masu ita ce. Mafi armashi ita ce walimar masu neman baƙuncin Worldcon. Worldcon ba shi da mazauni, kowace shekara gari daban, kuma mambobi ne ke jefa ƙuri'a shekara 2 kafin lokaci. Saboda haka mutanen garin da ke nema sai su yi shekaru suna bin ƙananan taruka suna kama ɗaki, suna ciyar da jama'a abincin garinsu, suna liƙa musu tambari a bajo. Ta haka taron ya je Landan a 1957, Melbourne a 1975, Yokohama a 2007, Helsinki a 2017, da Chengdu ta ƙasar Sin a 2023. Mutanen Minneapolis sun nemi na 1973 ba su samu ba, amma walimar ta yi musu daɗi, suka ci gaba da shirya ta shekara da shekaru da sunan neman taron 1973. A 1976 kuma a Kansas City, marubuta George R. R. Martin da Gardner Dozois suka buɗe ɗaki ga waɗanda suka faɗi a gasar Hugo, kyautar da aka fara bayarwa a 1953 wadda mambobin Worldcon ne ke zaɓen mai cin ta, abin ya zama al'ada.

A wani ɗakin mawaƙa ne suka yi da'ira da gita, suna rera waƙoƙin da suka tsara a kan jiragen sama-jannati da jaruman littattafai. In layi ya zagayo kanka, ko ka rera, ko ka roƙi wani ya rera wadda kake so, ko ka ce a wuce. Wanda muryarsa ba ta da daɗi ma ana sauraronsa har ya gama. Su ne na ƙarshen kwanciya.

Ba duka ne nishaɗi ba. Marubuci Robert Heinlein, wanda ƙarin jini ya ceci ransa a wata doguwar jinya, shi ya sa aka yi gangamin ba da jini a Worldcon na 1976, kuma har yanzu taruka da dama suna yi. Ana karanto sunayen waɗanda suka rasu a shekarar, marubuci da mai jera kujeru a jeri ɗaya. Kafin a rufe, kwamiti yakan zauna gaban jama'a a faɗa masa inda ya gaza ido da ido, tun daga lasifikar da ta ƙi aiki har matakalar da mai keken guragu ya kasa hawa.

Al'adar da na fi ganin girmanta ita ce ta tara kuɗi a kawo wanda ba zai iya zuwa ba. A 1952 masoyan Amurka suka yi karo-karo suka ɗauko Walt Willis daga Belfast zuwa Worldcon na Chicago, don kawai suna jin daɗin rubutunsa suna so su gan shi. Daga nan aka kafa asusun TAFF a 1953, wanda har yau yake kai mutum daga Turai zuwa Amurka ko daga Amurka zuwa Turai. Mai jefa ƙuri'a yana haɗawa da ɗan abin da ya samu, wanda ya ci ya yi tafiyar yana sauka gidajen mutane, ya dawo ya rubuta labarinta, sannan riƙon asusun ya koma hannunsa har a zaɓi magajinsa. A 2009 kuma aka kafa Con or Bust don taimaka wa baƙaƙe da sauran waɗanda ba farare ba su samu halarta.

Dalilin kafa na ƙarshen nan shi ne inda al'ummar take da rauni, kuma bai kamata a rufe shi ba. Shekaru da yawa taron na fararen fata ne, mafi yawa maza, kuma mata sun daɗe suna kokawa da masu cin zarafi, ana danne maganar in mai laifin sananne ne. Taron WisCon, da aka fara a Madison a 1977, an kafa shi ne don maganar mata ta samu wuri. A 2012 hukumar taron Readercon ta sassauta wa wani sananne hukuncin da dokarta ta tanada, jama'a suka yi ca, har hukumar gaba ɗaya ta sauka. Shekara ta gaba marubuci John Scalzi ya ce ba zai ƙara zuwa taron da ba shi da rubutacciyar dokar hana cin zarafi ba, ɗaruruwa suka mara masa baya, yau kuma da wuya ka ga taron da ba ya buga irin wannan doka. Sai tsufa. Furfura ta yi yawa a ƙananan tarukan, matasa sun fi karkata ga na zanen Japan da na wasannin kwamfuta, otal-otal sun ƙara kuɗi. Lunacon na New York, da aka fara a 1957, ya yi na ƙarshe a 2017. Wani abin kuma laifinsu ne: mutanen da suka san juna shekara 40 suna da zaurancensu, kuma ba kullum suke tuna cewa na bakin ƙofa bai san kowa ba.

To, ta ina ake jin labarinsu, tunda ba su da kuɗin talla? Tsohuwar hanya ita ce taro ɗaya ya kai ka ga wani, domin a kowanne akwai tebur cike da takardun sanarwar sauran tarukan yankin. Akwai kuma ƙungiyar gari. NESFA ta Boston, mai shirya Boskone a watan Fabrairu, da ƙungiyar Baltimore suna da gidajensu na kansu da ɗakin karatu. Ta Birmingham ce ta karɓi riƙon taron Novacon, wanda aka fara a 1971. A Landan tun 1946 masoya suke haɗuwa, yanzu ranar Alhamis ta farkon kowane wata, ba kuɗin shiga ba rajista. Ɗaliban jami'a ma suna da nasu, irin Picocon na Imperial College, na yini ɗaya, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Mujallar Locus da takardar Ansible da David Langford ke fitarwa kyauta duk wata suna jera tarukan da ke tafe. Gane na masoya daga na kasuwa ba wuya: duba ko sanarwar na maganar mamba ko tikiti, ko manyan baƙin marubuta ne ko 'yan fim masu farashi a gefen suna, ko ana neman 'yan sa-kai. Wanda ba ya son hayaniya akwai masa irin Midwestcon na Ohio, tun 1950, wanda kusan ba a tsara masa jawabi, zama ne kawai da hira.

Har yau ba a taɓa yin Worldcon a Afirka ba, kuma ga ɗan Najeriya ko Nijar biza da kuɗin jirgi sun fi kuɗin mamba nauyi nesa ba kusa ba. Sai dai akwai mamban da ba ya halarta, yana biyan kusan dala 50, kuma yana da ƙuri'a a zaɓen Hugo daga duk inda yake. Da ƙuri'un mambobi ne Nnedi Okorafor ta ci kyautar a 2016 da littafinta Binti. A gida kuma ana yin Lagos Comic Con tun 2012, marubutan Afirka sun kafa kyautarsu ta Nommo, wadda aka fara miƙawa a bikin littattafai na Ake a Abeokuta a 2017.

Ga 'yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kai Ingila ko Amurka, musamman waɗanda kaɗaici ke damu a ranakun hutu, shawarata ita ce ku bincika, a kewayen yawancin manyan birane akwai irin wannan taro. Ba sai kun haddace Asimov ba, ba sai kun yi wata shiga ba. Ku biya na yinin Asabar kawai, ku karɓi ƙyallen sabon zuwa, ku wuce teburin 'yan sa-kai ku ce a ba ku aikin awa biyu. In wurin ya yi muku, ku biya na baɗi kafin ku tafi, lokacin da ya fi sauƙi, ku kuma faɗa wa masu tsara jadawali cewa kuna da abin cewa a kan tatsuniyoyinmu da rubutun Afirka, su sa ku a tebur.